An Sanar da Shi

Shekara talatin da biyar na yi a ofishin wasanni kafin in ajiye aiki, kuma yawancin ranakun sun bi ruwa, ko an tsare ni ba zan iya tuno su ba. Amma akwai wata Litinin ta ƙarshen damina da ta ƙi barina har yau. Tun da kun matsa in rubuta muku wani abu daga cikin abin da na gani, ku da kuka gaje mu a teburan nan, to ita zan ba ku, ko da yake ba ta fito da ni da kyau ba.

A lokacin ni ne babban akawu a sashen rajista, ina mataki na tara. Ga wanda bai san aikin ba, duk takardar da ta shigo ofis ta hannuna take fara bi. In buɗe ta, in buga mata tambarin ranar da ta iso, in shigar da ita a babban littafi, in sa ta a fayil, masinja ya kai wa Darakta. Darakta ya karanta ya rubuta umarninsa a gefe, abin da muke kira minti, sai fayil ya riƙa gangarowa daga tebur zuwa tebur har ya isa ga wanda zai aiwatar. Shi kuma in ya gama ya rubuta abin da ya yi, ya sa hannu da kwanan wata. Abin da aka rubuta a fayil shi ofis ya sani, ko da a waje ba haka aka yi ba.

Cikin masu horarwa da ke ƙarƙashin ofishinmu akwai Bishir, ɗan Ƙofar Durbi a nan Katsina, wanda ba mai kiransa da sunansa sai dai Kyaftin. Wasan kurket yake yi. Na san da yawanku ƙwallon ƙafa kawai kuka sani, saboda haka ga yadda abin yake a taƙaice. Ana kafa sanduna uku a ƙasa, mutum ɗaya ya tsaya gabansu da katakon bugu yana kare su, wani ya sheƙo a guje ya jefo ƙwallo mai tauri kamar dutse. A bayan sandunan kuma akwai wanda ke tsugune da safar hannu ta fata, duk ƙwallon da ta wuce mai bugu shi zai cafe ta. Wannan shi ne mai tsaron sanduna, kuma shi ne aikin Bishir. Wuni guda zai yi yana tsugunawa yana miƙewa cikin rana, in ya cafe ɗari ba mai yaba masa, in ɗaya ta kuɓuce kowa ya gani.

Tun yana sakandare wani tsohon malami ya ɗora shi a wurin, a kan dandamalin siminti da ake shimfiɗa wa tabarma. Daga nan jiha ta ɗauke shi, daga jiha aka kira shi ƙungiyar ƙasa, har ya zama shi ne kyaftin ɗinta, ya daɗe kuwa yana riƙe da ita. Ya je Ghana, ya je Kenya, ya je wuraren da sai na duba taswira nake sanin inda suke. Abin da ya kawo mana tsaraba daga duk wannan yawo shi ne yatsu. In ya miƙo hannu za ku gaisa sai ka ji tausayi, ba yatsa ɗaya da ke kallon inda ɗan'uwansa yake kallo, duk ƙwallo ta karya su sun ɗoru yadda suka ga dama. Ko wayar shafawa ba ya iya riƙewa, 'yar ƙaramar nan mai madannai yake fama da ita.

Da yake ma'aikacinmu ne, duk lokacin da ƙasa za ta kira shi sai an rubuto mana a nemi mu sake shi, mu kuma mu ba shi takardar izini. Ni na rubuta masa ta farko, ni na rubuta duk waɗanda suka biyo baya. Nan sabonmu ya fara. In ya dawo daga tafiya teburina yake fara zuwa, ya zauna a kan benci ya ba ni labarin wasan tun daga jifan farko, ni kuwa in riƙa gyaɗa kai kamar na gane.

Ranar Litinin ɗin nan da safe na buɗe ambulan daga masu zaɓen 'yan wasa na ƙasa, ina tsammanin neman izinin da aka saba ne. Da na karanta sai na koma na zauna. Godiya ce suka jero wa Kyaftin sakin layi biyu, a na uku kuma suka ce bana ba sa buƙatar a sake shi, sun ɗauki matashi a bayan sanduna, sun naɗa sabon kyaftin. Ranar Juma'a za su fitar da sunaye, suna roƙon ofishinmu ya sanar da shi cikin mutunci kafin ya ji a waje. Mai horar da ƙungiyar ƙasar kuwa, a da a ƙarƙashin Kyaftin ya yi wasa, shi ya sa ya kasa ɗaga waya ya gaya masa da bakinsa. Na ce ashe kara ba a Katsina kaɗai ta tsaya ba.

Na buga tambari na aika sama. Darakta, Alhaji Sada, ya yi wa Mataimakinsa minti: a sanar da shi kafin Juma'a. Mataimaki ya yi wa shugaban masu horarwa minti, sannan ya tuna yana da ta'aziyya a Funtuwa. Shugaban masu horarwa, wanda da safe na gan shi yana tauna gasasshiyar masara, sai ga ciwon haƙori ya taso masa. Kafin azahar fayil ya zagaye ofis kaf ya dawo inda ya fito, da rubutun Darakta da jan biro: Malam Rabe, kai ka saba da shi.

Na hau sama na ce, "Ranka shi daɗe, wanga aiki ya hi ƙarhin matakina."

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam Rabe, in daɗi ne kai ka saba kai mashi. Ka kai mashi wanga ma."

Mu Katsinawa ana mana kirari da ɗakin kara, ana cewa kunya gare mu ba dai tsoro ba, mu kuma muna jin daɗin kirarin. Amma ranar na ga manya uku sun ɓuya a bayan kunya, suka turo ƙaramin cikinsu. Na ji haushi, na yi ta gunaguni a teburina, ban san ni ne zan fi su duka ba.

Bayan la'asar na ninke kwafin takardar na sa a aljihun gaba, na hau babur na nufi Ƙofar Durbi. Na same shi a zaure a kan tabarma, da zare da basilla, yana ɗinke safar hannunsa inda ta yage a tafi. Ya yi tsalle ya tare ni. Muka gaisa, muka sake gaisawa, ya gida, ya iyali, ya ruwa, ya ƙoƙari, ya mutanen unguwar Kambarawa. Na ja gaisuwar nan iyakar jan da za ta yi, har na tambayi lafiyar wani kawunsa da ban tabbata yana raye ba. Aka aiko da fura daga cikin gida, na sha, ban ji ɗanɗanonta ba.

Ina shirin buɗe baki sai ya riga ni. Ya ce, "Malam Rabe, Allah ne ya jeho ka. Kwana ukku ban yi barcin kirki ba, shawara nike so."

Ya ce wata babbar makaranta ce a Abuja, mai filin kurket na ciyawa, suka neme shi ya zama shugaban masu horar da ɗalibansu. Za su ba shi gida a cikin makarantar, 'ya'yansa uku su yi karatu a nan kyauta. Shi da ya shekara goma sha yana haya, ɗaki biyu. Amma suna son amsa kafin Alhamis, domin mako mai zuwa za su buɗe, kuma a makon ne ƙungiyar ƙasa ke shiga sansani kafin tafiya.

"Ba ni iya haɗa biyun," in ji shi. "In na amshi aikin, na aje wasa ke nan. Uwar ɗiya ta ce in amsa. Ni kau raina shina son tahiya ɗaya ta ƙarshe, in yi bankwana da yaran nan a cikin hili, ba ta waya ba. Ƙila makarantar ta jira ni baɗi, ƙila ba ta jira. Kai mi ka gani?"

Takardar na aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirjina. Abin da ya kamata in yi bai fi in zaro ta in miƙa masa ba. Amma na dubi fuskarsa, na dubi yatsun nan suna fama da basilla, sai na ji ba zan iya ba. Can kuma wata dabara ta zo mini, na ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. In na tura shi ga aikin Abuja, shi zai ajiye wasa da kansa, ba wanda zai ce an cire shi. Zan yi masa hannunka mai sanda, mai hankali ne, zai gane sauran.

Na gyara zama na dafa gwiwarsa. Na ce, "Kyaftin, kai ba yaro ba ne, ka san duniya ba ta tabbata ga kowa. Abin da nike iya ce maka, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka riƙe abin da ke hannunka. Ka ji ni da kyau ko?"

Na ƙura masa ido don ya karanta abin da bakina ya kasa. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai na ga idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce, "Na gane, Malam Rabe. Wallahi na gane. Allah shi saka."

Na fito zauren nan ina jin kamar an sauke mini buhu daga ka. Har yaba wa kaina nake a kan babur, ina cewa ga yadda ake isar da saƙo ba a zubar wa mutum da mutunci ba. Takardar kuwa na bar ta inda take, na ce miƙa ta yanzu fami ne kawai.

Talata da safe na jawo fayil na rubuta: An sanar da shi. Na sa hannu, na sa kwanan watan Litinin. Madam Saratu, mai buga mana takardu, tana tsaye a kaina tana jiran fayil ɗin. 'Yar kudancin Kaduna ce, ta fi shekara ashirin a Katsina, Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari, amma zagaye-zagayenmu ne ba ta taɓa koya ba.

Ta ce, "Oga Rabe, ka ba shi takardan a hannu?"

Na ce, "Madam, mu nan ba sai an buɗe wa mutum ciki ba. Ya gane."

"Ya karanta?"

"Na ce maki ya gane."

Ta ɗauki fayil ta ce, "To," irin "to" ɗin da ke nufin ba ta yarda ba. Na ce a raina, baƙo dai baƙo ne. Da rana wani direbanmu ya ce ya ga Kyaftin da sassafe a fili, yana ta tsugunawa yana cafe ƙwallo, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Na ce sabo ne, ba a rana ɗaya ake yaye shi ba.

Laraba wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga Kyaftin ya shigo ofis da fara'a, da ƙullin goro yana rabawa tebur-tebur. A matakala ya ci karo da Darakta, ya gaishe shi, ya tambaye shi ko takardar izininsa ta fito. Darakta ya tsaya ya dube shi, ya ce masa ya je ya ga Malam Rabe, ya wuce. Wannan daga baya na ji. Abin da na gani da idona shi ne ya ajiye mini goro biyu manya, ya ce, "Naka daban ne," sannan ya miƙa wa Madam Saratu wata takarda da ya rubuta da hannu, ya roƙe ta ta buga masa a kwamfuta, tun da yatsunsa ba sa yi.

Ta fara karantawa, sai ta tsaya. Ta taso ta ajiye takardar a gabana, ta koma ta zauna. Wasiƙa ce zuwa ga shugabar makarantar Abuja. Yana godiya, yana ba da haƙuri, ba zai iya karɓar aikin ba domin ƙasarsa na buƙatarsa.

Na ɗago na dube shi. Na ce, "Kyaftin, wanga hwa?"

Ya ce, "Shawararka ce ai. Tun jiya da sahe na kira su na hwaɗa masu. Sun ce in aiko a rubuce don fayil ɗinsu."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tashi na kama hannunsa na ja shi zuwa sito, inda muke ajiye raga da ƙwallaye, na tura ƙofa. Takardar tana nan a aljihun rigar da na sa ranar Litinin, wadda na maimaita, ta yi laushi don gumi. Na zaro na ba shi.

Ya karanta a tsaye. Ya kai ƙarshe ya koma farko. Ban taɓa ganin mutum ya tsufa a gabana ba sai ranar. Ya nemi wurin zama ya rasa, ya zauna a kan wani buhun raga.

"Yaushe ta zo?"

"Litinin."

"Litinin." Ya jinjina kai. "Watau tana aljihunka sanda kake shan hurata."

Na ce, "Kyaftin, ai na yi maka nuni. Na ce ƙwai a baka. Aikin Abuja nike nuhi, shi ne tabbas."

Ya dube ni, ba da faɗa ba, da mamaki. Ya ce, "Malam Rabe, aikin da ban taɓa gani ba, a garin da ban taɓa zama ba, shi ne ƙwai a bakina? Ni a sanina ƙungiya ce a bakina, shekara nawa ina riƙe da ita. Ka ce in riƙe abin da ke hannuna. Mi ke hannuna sannan?"

Sai a lokacin na tuna. Safa ce a hannunsa, da basilla.

"Na ɗauka ka ga wani abu a ofis," in ji shi. "Na ɗauka takardar kirana ta iso, kana gaya mani a ɓoye kada in yi gaggawa. Shi ya sa na yi ƙwalla. Na ce ashe har yanzu ana so na."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, kuma har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta rufe ni. Na ce masa lokaci bai ƙure ba, sun ce Alhamis, yau Laraba, ya kira su yanzu ya ce ya sake shawara. Ya girgiza kai. Ya ce magana zarar bunu ce. Jiya ya ce musu ƙasa ta kira shi, yau kuma ya ce musu ƙasa ta kore shi, su taimaka? Da wane baki? Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na ambaci 'ya'yansa. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya buɗe ƙofa ya fita, ya bar goronsa a ofis.

Na dawo na tarar Madam Saratu ta riga ta nemo lambar makarantar daga takardar tayin da ya maƙala a bayan wasiƙarsa, ta rubuta ta da manyan baƙaƙe ta ajiye mini. Ta ce, "Kai ka ɓata, kai za ka kira. Kuma wannan karon ka yi magana yadda mutum zai ji."

Na kira. Sai da aka yi ta tura ni daga wannan zuwa wancan kafin a haɗa ni da shugabar. Mace ce mai natsuwa, da Turanci muka yi. Ban taɓa tona wa kaina asiri gaban baƙo irin na ranar ba. Na gaya mata sunana da matsayina, na ce Bishir ya ƙi aikinsu ne bisa labarin da ba daidai ba, kuma ni na jawo, ni aka ba saƙo na riƙe. Na ce in akwai wanda za a hukunta ni ne, kada a hukunta shi. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce ta ji, kuma ta yi baƙin ciki ƙwarai, domin shi suka fi so. Amma da ya kira jiya ya ƙi, ba su da lokacin jira, da yamma suka kira wanda ke biye da shi, ya karɓa, da safen nan ya sa hannu. Ba za ta iya ƙwace aiki daga hannun mutumin da ya riga ya gaya wa iyalinsa ba.

Na ce ko mataimaki ne. Ta ce gurbi ɗaya ne. Ta ce za ta riƙe sunansa ko da wani abu ya taso, na kuma san irin wannan magana, ni ma na sha faɗa wa mutane ita. Na ajiye waya. Madam Saratu ba ta ce ai na gaya maka ba, ta dai zuba ruwa a kofi ta turo mini, na kuwa gode mata da wannan.

Da la'asar na koma Ƙofar Durbi. Wannan karon ban zauna ba, ban ja gaisuwa ba. Daga bakin zaure na ce masa na kira, an riga an ba wani. Ya ce, "To. Allah shi sa haka ya hi alheri." Bai ce in shigo ba, ni ma ban nema ba.

Alhamis da safe Darakta ya aiko a kira ni, ya kuma aika a kira Kyaftin. Na shiga na tarar da fayil a buɗe a gabansa, yatsansa a kan rubutuna. A ƙa'idar aiki, rubuta abin da ba a yi ba a fayil babban laifi ne. Takardar tuhuma ce, ta shiga fayil ɗinka ta zauna, kuma a shekarar nake jiran ƙarin girma.

Ya ce, "Malam Rabe, nan ka rubuta an sanar da shi ran Litinin. Jiya Laraba mutumen ga ya tare ni a matakala shina tambayata takardar izini. Wanne zan ɗauka?"

Na buɗe baki zan amsa laifina, don na riga na shirya. Sai Kyaftin ya yi gyaran murya.

"Ranka shi daɗe, ya zo gidana ran Litinin bayan la'asar. Ya yi mani magana. Ni ne ban hwahimta ba."

Darakta ya dube shi ya dube ni. Ba yaro ba ne, ya san akwai sauran zance, ya kuma san in aka tona za a tambayi yadda aka yi fayil ya sauko daga teburinsa zuwa na akawu. Ya ce, "Haka aka yi, Malam Rabe?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, na je, amma takardar..."

Kyaftin ya katse ni. "Takardar tana wurina. Ga ta." Ya zaro ta ya nuna. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma bai bar ni na ƙarasa ba. Darakta ya rufe fayil, ya yi wa Kyaftin doguwar godiya a madadin jiha, irin wadda ya kamata ya yi tun ranar Litinin, ya sallame mu.

A waje, ƙarƙashin itacen bedi, watau darbejiya, inda muke ajiye babura, na tare shi zan yi godiya. Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kada ka gode mani, ban huce ba. Na duba ne na ga ko an ba ka takardar tuhuma goma, aikin Abuja ba shi dawowa. Kai ma kana da ɗiya." Ya tada babur ya tafi.

Juma'a sunaye suka fito. Na ji an ce shi ya fara kiran sabon kyaftin ya yi masa murna, ya kuma daɗe yana gaya wa matashin da ya gaje shi yadda kowane mai jifa yake sakin ƙwallo. Makarantar ba ta sake nemansa ba. Ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashinmu, yana zagaya sakandare-sakandare yana koya wa ɗalibai, a gidan hayar nan dai. Ni kuwa ƙarin girmana ya fito a kan lokaci, na karɓa, ban yi walima ba.

Kusan wata biyar bai zauna a bencina ba. In mun haɗu mu gaisa gaisuwa cikakkiya, ba abin da ya rage a cikinta, amma daga nan ba ƙari. Sai wata rana bayan an taso daga jana'izar wani abokin aikinmu, muna tafe a ƙasa wajen Ƙofar Marusa, na ga in ban yi magana yau ba wataƙila ɗayanmu ne za a ɗauka gobe. Na tsaya na ce ya yafe mini, na faɗi abin da na yi da sunansa, ban sa karin magana ko ɗaya ba.

Ya ce, "Na yahe tuni, Malam Rabe. Abu ɗaya ne ke ta cina. Da ka zaro ta ka ba ni ran nan, kwana ɗaya zan yi ina jin haushinka. Kwana ɗaya tak. Da yanzu ɗiyana suna can."

Muka ci gaba da tafiya.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tausayinsa ne ya ɗaure mini baki a zauren nan. Da na tsufa na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Ba na son in ga fuskarsa ta canza a gabana, ba na son a ce daga bakina ya ji, ina son in fita gidan yana ganina da kirki kamar yadda na shiga. Shi ne ya biya wannan, da matarsa, da yara uku da ba su san ma an yi ba.

Saboda haka ku da ke teburan nan yanzu, aikinmu na wasanni kullum akwai wanda za a ɗauka, akwai wanda za a ajiye, kuma ɗan wasa ya san ranar tana zuwa tun ranar da ya fara. Sun fi mu ƙarfin zuciya, mutumin da ƙwallo ta karya wa yatsu ya ci gaba da cafewa ba takarda ce za ta kashe shi ba. In aka ba ku saƙo mai ɗaci ku je da ƙafarku, ku gaisa yadda aka koya muku, sannan ku miƙa takardar, ku zauna har ya karanta, ku ji da kunnenku ya maimaita abin da ya fahimta. In zai yi fushi ku tsaya ya yi a gabanku. Daga wannan ranar har na ajiye aiki haka na riƙa yi, wasu sun ce Malam Rabe ba shi da kara, wani ma ya yi shekara ba ya gaishe ni. Na jure, domin na riga na ga abin da tawa karar ta ci, kuma ba daga jikina ta ci ba.